"Mun Bar wa Allah": Ruwan Rima da Iyakar Sallamawa

A ƙarshen watan Agusta da farkon Satumba na shekarar 2020, ruwa ya hau fadamar da ta miƙe daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ya shafe shinkafar da saura 'yan makonni a yanke ta. Hukumomin jihar sun ƙiyasta cewa gonakin shinkafa kimanin hekta 450,000 ruwan ya rufe, ban da sauran amfanin gona. Gadoji sun karye, gidajen ƙasa sun zube, kwale-kwale ya riƙa bi ta kan filayen da aka yi shuka da noma a cikinsu. A kwanakin da suka biyo baya, maganar da ta fi yawo a bakin mutane gajeriya ce: "Haka Allah ya so. Mun bar wa Allah."

Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye a wannan kwari, sun faɗe ta. Kiristoci ma sun faɗe ta, da Hausa ɗaya da murya ɗaya. Kiristocin Birnin Kebbi da Argungu tsiraru ne: ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka taso daga ƙasar Zuru da Yauri, 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa, 'yan sanda da sojoji da aiki ya kawo. Ana samunsu a majami'un ECWA da Katolika da Angalika da Baftis da sauran ikilisiyoyi, kuma da yawansu da Hausa suke sujada. A addininsu, miƙa kai ga nufin Allah ginshiƙi ne. Yana cikin addu'ar da Yesu Almasihu ya koya wa almajiransa, wadda yaro kan haddace tun bai iya karatu ba. Saboda haka babu mamaki da suka koma gare shi a ranar asara. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne abin da mutum yake miƙawa idan ya ce ya bar wa Allah, domin wannan jimla ɗaya tana iya zama ƙololuwar bangaskiya a bakin wani, ta kuma zama mafakar sakaci a bakin wani.

Sai an tuna yadda shinkafa ta zama a Kebbi kafin a gane zafin asarar. A ranar 17 ga Nuwamba 2015, a Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Bankin Najeriya da ake kira Anchor Borrowers. A ƙarshen 2016 shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, farashi ya ƙara tashi. Noman fadama ya daina zama na manomi kaɗai. Ma'aikacin ofis ya kama hayar gona, malami ya ci bashin ƙungiyar adashi ya sayi taki da iri, mai shago ya zuba jarinsa a shanshera. A watan Maris 2020 aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, aka cika bakin Matan Fada da kiɗa da ƙwarya da homa. Kafin watan ya ƙare annobar korona ta rufe makarantu da wuraren ibada a sassan ƙasar. Wata biyar bayan haka ruwa ya zo. Ana wata ga wata.

A ɗauki misalin ma'aikacin jinya ɗan Zuru da ke aiki a Birnin Kebbi, wanda ya lissafa kuɗin makarantar 'ya'yansa uku a kan buhunan da zai samu a watan Oktoba. Ranar Lahadi ya shiga majami'a da bashi a wuya da gona a ƙarƙashin ruwa. Akwai wa'azi iri biyu da kan tare shi, kuma kowannensu yana rufe masa baki. Na farko ya ce masa ya yi haƙuri, kada ya yi gunaguni, Allah ne ya bayar, shi ya karɓe. Na biyu, wanda ya yaɗu tare da sababbin ikilisiyoyi masu wa'azin arziki, ya ce masa asara ba rabon ɗan Allah ba ce, ya binciki kansa ya ga inda ya gaza a zakka ko a addu'a. Na farkon ya fi kama da gaskiya, kuma ya fi dacewa da tarbiyyar Bahaushe, inda namiji kan haɗiye kukansa a ce masa jarumi. Amma idan aka auna shi da Littafi Mai Tsarki, za a ga ya tsallake mataki.

Labarin da Kiristoci ke ɗauka a matsayin madubin sallamawa shi ne na daren da aka kama Yesu a lambun Getsamani. Masu wa'azi kan yi saurin kaiwa ƙarshensa, inda ya zaɓi nufin Allah a kan nasa. Abin da ya gabaci wannan ya fi tsawo. Ya gaya wa almajiransa uku cewa baƙin ciki ya kai shi bakin mutuwa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Ya faɗi rub da ciki. Ya roƙa a fili a kawar masa da abin da ke tafe, kuma Matiyu ya ce sau uku ya koma yana wannan addu'a. Wato sai da ya faɗi abin da yake so, ya maimaita, ya nemi 'yan uwa su taya shi, sannan ya miƙa. Mutumin da bai taɓa furta abin da ya rasa ba, ba shi da abin da zai miƙa. Shiru kawai aka sa shi ya yi, kuma irin wannan shirun kan fito daga baya da sunan hawan jini, ko faɗa da iyali, ko daina zuwa sujada ba tare da an san dalili ba.

Littafin Ayuba ya ƙara tsananta batun. Abokansa uku sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki suka shiga bayyana masa dalilin masifarsa, suna kare Allah, suna neman laifin Ayuba. Shi kuwa ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi a ba shi damar kai ƙara gaban Mahaliccinsa. A ƙarshen littafin, abokan nan masu tsabtataccen harshe su Allah ya yi fushi da su, ya ce Ayuba ne ya faɗi daidai game da shi. Masana kan ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne da ƙorafi. Ikilisiyar da ke da wannan gado ba ta da hujjar gaggauta wa mai asara. Haka kuma ba ta da hujjar tuhumarsa, domin da aka kawo wa Yesu zancen waɗanda masifa ta afka wa, shi da kansa ya ambaci mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima zunubi. Ruwan Rima bai tambayi wanda ya ba da zakka ba kafin ya shiga gona.

Wannan shi ne ɓangaren da ya shafi zuciya. Ɗaya ɓangaren ya fi ɗaci, domin ya shafi hannuwa.

Ambaliyar 2020 ta zo wa manomi ba zato, amma ba baƙuwa ba ce a kwarin. Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kogin Kwara. A sama akwai madatsar Goronyo a kan Rima da ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kuma abin da aka yi da ƙofofinsu a cikin damina yana isowa fadamar Kebbi cikin 'yan kwanaki. A watan Satumba 2010 ruwan ya yi ɓarnar da har yau ake tunawa, har ya yanke gadar da ke kaiwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2012 ƙasar gaba ɗaya ta ga ambaliyar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Hukumar hasashen yanayi da hukumar kula da al'amuran ruwa ta ƙasa suna fitar da rahoton hasashe kowace shekara kafin damina ta kankama, da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Tsarin lamunin manoma kansa ya tanadi inshorar amfanin gona. Duk waɗannan abubuwa ne da ke hannun mutane: wa ya karanta rahoton, wa ya fassara shi zuwa Hausa da Zabarmanci, wa ya kai shi ga sarkin noma, wane iri aka raba kuma yaushe, wa ya bi wa manomi haƙƙinsa na inshora. Idan aka lulluɓe waɗannan tambayoyi da "haka Allah ya so", an ɗora wa Allah abin da ya riga ya danƙa wa bayinsa.

Akwai labari a ƙarshen Ayyukan Manzanni da ya kamata mutanen bakin gulbi su fi kowa saninsa. Ana kai Bulus Roma a matsayin ɗan fursuna cikin jirgin ruwan dakon alkama. A tsibirin Karita ya gargaɗi shugabannin tafiyar cewa lokacin tafiya a teku ya wuce, za a yi asarar kaya da rayuka. Hafsan sojan da ke tsare da shi ya fi gaskata matuƙi da mai jirgin. Guguwa ta kama su har dare goma sha huɗu. A tsakiyar wannan Bulus ya tashi ya tuna musu cewa da sun ji maganarsa da ba su shiga wannan hali ba, sannan ya ce Allah ya tabbatar masa babu ran da zai salwanta. Mai karatu zai zaci daga nan sai a naɗe hannu a jira. Amma da ma'aikatan jirgin suka yi shirin sulalewa a ƙaramin kwale-kwale, Bulus ne ya gaya wa hafsan cewa in waɗannan suka tafi ba wanda zai tsira, sojoji suka yanke igiyar. Shi ne ya matsa wa mutane su ci abinci don su sami ƙarfin iyo. Suka zubar da alkamar a teku don jirgin ya yi sauƙi. Mutum 276 ne a ciki, kuma dukansu suka kai gaɓar Malta, wasu da iyo wasu a kan katako. Mutumin da ya fi kowa dogara ga Allah a jirgin nan shi ne ya fi kowa gargaɗi da lissafi da tsawatarwa, bai kuma ji nauyin cewa "na gaya muku" ba.

A kudancin wannan jiha, wata takwas bayan ambaliyar, aka ga kishiyar labarin. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage a Kogin Kwara da mutum fiye da 150 a ciki, yawancinsu suka rasu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodi fiye da ƙima. Uwar da ta rasa 'ya'ya a ranar tana da cikakken haƙƙin ta ce ta bar wa Allah, domin babu wani wurin da za ta kai wannan nauyi. Wanda ya karɓi kuɗin fasinja na ɗari da hamsin, da jami'in da aikinsa ne ya ƙirga kawuna a bakin mashigi, ba su da wannan haƙƙi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in ji masu iya magana, amma su ne kuma suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kiristocin Birnin Kebbi da Argungu sun ga wani misali a wannan shekara ta 2020, kafin ruwa ya zo. Garuruwan biyu suna ƙarƙashin dayosis ɗin Katolika na Sakkwato. A daren 8 ga Janairu 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke wajen Kaduna, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku suka dawo. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18 wanda dayosis ɗin Sakkwato ya tura karatu, gawarsa aka samu. A wajen jana'izarsa ranar 11 ga Fabrairu, Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi abu biyu a huɗuba ɗaya. Ya hana ramuwa, ya ce ba hanyar Kirista ba ce, sakayya ta Allah ce. Sannan ya juya ya yi wa gwamnatin tarayya kakkausar suka a kan gazawar tsaro da yadda ake rabon muƙamai. Mutane da yawa a Arewa ba su ji daɗin sukar ba, kuma ana iya saɓa masa a kan wasu hukunce-hukuncensa na siyasa. Sai dai tsarin maganar ya fayyace abin da ake miƙawa. An miƙa ramuwa, an miƙa neman sanin dalilin da ya sa wannan yaro ne ba wani ba. Ba a miƙa tambayar da ake yi wa mai mulki ba. Bulus ma da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

Wannan tambaya ta iyaka tsohuwa ce. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitler ta rataye ranar 9 ga Afrilu 1945, ya yi ta juya ta a wasiƙun da ya rubuto daga kurkuku: a ina turjiya ke ƙarewa, a ina sallamawa ke farawa. Ya ga cewa ba a iya shata layin sau ɗaya a huta, dole mutum ya riƙe duka biyun ya auna kowane hali da kansa. Maƙwabci Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, domin ya san hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Addinan biyu sun bambanta ƙwarai a kan yadda suke fahimtar wahala da ceto, amma a bakin fadama babu ɗayansu da ya koyar da a bar raƙumi sake.

Ana iya cewa duk wannan zancen masu albashi ne. Gwauruwar da ke sayar da ƙosai a Argungu, wadda ɗan filinta ya nutse, ba ta san ofishin inshora ba, ba ta da lambar wani kwamishina. In aka ce mata sallamawarta ba ta cika ba sai ta tuhumi hukuma, an ƙara mata kaya ne a kan kaya. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma shi ne ke nuna a kan wa nauyin yake. Ita ta yi nata. Sauran aikin yana kan ɗan'uwanta a ikilisiya wanda yake injiniya ne a ma'aikatar ruwa, ko lauya, ko ma'aikacin banki da ya san abin da takardar lamuni ta ƙunsa, ko dattijon majami'a da ke zama a taron ƙungiyar Kiristoci ta jiha. Idan irin waɗannan suka zo mata gaisuwa suka ce "sai haƙuri, a bar wa Allah" suka tashi, sun ari kalmar talaka sun rufe nasu aikin da ita. Yusufu da ya ji fassarar mafarkin Fir'auna daga Allah, abin da ya biyo baya shi ne rumbuna da awo da shekara bakwai na tara hatsi. Ikilisiya tana da abin da hukumomi da yawa ba su da shi: taro kowane mako, sanarwa da ake saurara, zumuntar mata da ta san gidan kowa. Babu abin da ya hana a karanta hasashen ambaliya a lokacin sanarwar Lahadi a watan Mayu, kamar yadda ake karanta sanarwar aure.

Amma masu ilimi suna da tasu jarabar, wadda ita ce ɗaukar cewa shiri yana maganin komai. Wasiƙar Yaƙub ta yi wa irinsu magana, 'yan kasuwar da ke tsara za su je gari kaza su shekara su ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba. A Satumbar 2020 Kogin Kwara ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. Ko da an karanta kowane rahoto an gyara kowane magudani, da wani ruwan ya shiga wasu gonakin. Akwai ciwon da likita ya gano da wuri amma bai warku ba, akwai ɗan da aka tarbiyyantar da kyau ya bauɗe, akwai canjin wurin aiki da ya zo a tsakiyar shekarar karatu. A nan ne sallamawa ta gaskiya take zaune, kuma tana da wuya fiye da yadda ake faɗinta. Annabi Habakuk ya fara littafinsa da tuhumar Allah a kan shirunsa ga zalunci, ya ƙare da lissafa gonar da ba ta ba da abinci ba da garken da ya watse, ya ce duk da haka zai yi farin ciki da Allahnsa. Bai sami alkawarin cewa baɗi za ta fi bana ba. Kirista yana iya faɗin haka ne saboda ya gaskata cewa Allahn da yake miƙa wa al'amarinsa ya san zafin rashi ta hanyar gicciye, kuma bai bar gicciyen ya zama ƙarshen labari ba. Wanda bai yarda da wannan aƙida ba zai iya aƙalla ya gane dalilin da ya sa ma'aikacin jinyar nan ya fito ranar godiyar kaka a ƙarshen shekara da tiya ɗaya ta shinkafar da ya saya a kasuwa, ya ajiye a gaban majami'a.

Da ruwan ya janye, ya bar laka da danshi a fadama. Kafin Janairu ƙarar injinan ban ruwa ta sake tashi daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, waɗanda suka sami mai ba su rance suka shiga noman rani da bashin bara a kansu. Waɗanda ba su samu ba suka bar hayar gonar. Rahoton hasashen ambaliya na shekarar da ta biyo ya fito kafin damina kamar kullum, da Turanci, a wani zauren taro a Abuja.